Taro da Kwabo Ashirin da Biyar: Tarihin Rubu'in Kuɗi a Kano da Darajarsa a Yau

Gabatarwa

Dalilin rubuta wannan takarda shi ne wata gardama da aka kawo mini har gida a Gyaɗi-Gyaɗi. Wani malamin makaranta na Tarauni, wanda muka yi karatu tare, Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa. Da aka zo rabon gado sai aka tarar da wani gwangwani a cikin kayanta, cike da tsofaffin kuɗin ƙarfe: akwai masu huda a tsakiya, akwai taro iri-iri, akwai 'yan kwabo 25 na zamanin naira, da riyal guda mai hoton wata mata, da kuma wata kwata ta Amurka. Ƙanensa ya ji a bakin mutane cewa Turawa suna sayen irin waɗannan da miliyoyi, saboda haka ya ce ba za a taɓa gado ba sai an yi musu kima. Yayarsu kuwa ta ce tarkace ne, a ba 'yan gwangwan a huta. Magana ta yi tsawo har ta fara taɓa zumunci.

Ni ba dillali ba ne, nazarin harshe na karanta. Amma da muka zazzage gwangwanin a kan tabarma sai na ga lalle tambayoyi biyu ne a gabanmu, kuma ba a amsa ta biyun sai an amsa ta farko. Ta farko, mene ne waɗannan kuɗi, ina kuma suka fito? Ta biyu, me ke sa tsohon kuɗi ya yi daraja? Na zaɓi in bi sawun rubu'i, watau kuɗin da ya ke kashi ɗaya cikin huɗu na babban kuɗi, gama shi ne ya fi yawa a cikin gwangwanin, kuma ta kansa za a iya ratsa tarihin kuɗin Kano tun daga wuri har zuwa naira.

1. Zamanin wuri da riyal

Littafin Tarihin Kano ya nuna wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Asalin wurin nan daga tsibiran Maldibas ne na Tekun Indiya. Ya kama ƙasa sosai har jam'insa, watau kuɗi, ya zama shi ne sunan dukan abin ciniki, ko na ƙarfe ne ko na takarda, har wa yau. Yana da nasa lissafi: wuri 20 shi ne hauya, dubu kuwa zambar, sa'an nan 20,000 keso guda.

Tare da wuri akwai riyal na azurfa, wanda fatake ke kawowa ta hamada. Iri biyu aka fi sani, da na Sifen da na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500. To, daga wajen 1845 'yan kasuwar Hambag suka shiga ɗebo wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar suna zubawa a bakin tekun Afirka ta Yamma. Da ya yi yawa sai ya faɗi, kafin ƙarshen ƙarnin riyal ya kai wajen wuri 5,000. Ke nan mai tafiya fatauci sai ya ciyar da jakin da ke ɗauke da kuɗinsa daga cikin kuɗin nan da ya ke ɗauke da su.

A cikin lissafin wuri babu bukatar wani kuɗi na musamman mai suna rubu'i, don kuwa wuri yana rabuwa har zuwa ƙwaya ɗaya. Bukatar rubu'i ta taso ne da zuwan kuɗin da ba ya gutsuruwa.

2. Kuɗin Turawa da sunayensu

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Ba da daɗewa ba aka hana shigo da wuri, aka kuma fara neman haraji da jangali da kuɗin ƙarfe. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manomi ya fara karɓar sulalla a hannunsa. A wannan shekara ta 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, don ta riƙa buga kuɗi wa Nijeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da a ke kira Gana yanzu.

Tsarin kuɗin shi ne kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Hausawa suka raɗa wa kowane suna, kuma sunayen nan su kansu shaidu ne na tarihi. Kwabo ya fito daga kalmar Ingilishi ta jan ƙarfe, sule da fam daga sunayensu na Ingilishi, sisi daga shida, nai daga tara, ahu kuwa, watau kwabo da rabi, daga kalmar rabi. Mai nazarin sauti zai lura da yadda harafin p na Ingilishi ya koma f a farkon fam, ya koma b a tsakiyar kwabo. Taro daga uku ya fito, amma bai zo kai tsaye ba, ya biyo ta bakin mutanen Ikko, inda Yarabawa ke cewa toro. Tun da Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, dole a sa wasali a tsakaninsu, kamar yadda aka yi a tireda da direba. Fataka, sule biyu, daga kalmar Fotugis ce da ta daɗe a bakin teku.

Suna ɗaya ne ya fito daga cikin gida, shi ne ɗari, watau rabin kwabo. An kira shi haka ne don a lokacin canjinsa wuri ɗari ne. Idan muka bi wannan lissafi, kwabo wuri 200 ke nan, taro 600, sisi 1,200, sule 2,400, anini kuwa, wanda ya ke ushirin kwabo, wuri 20, hauya guda cif. Sule biyu kuma ya tashi wuri 4,800, kusa da canjin riyal na ƙarshen ƙarni na 19. A ganina wannan ne ya sa sunan dala, wanda asalinsa na riyal ne a bakin Turawa, ya koma kan sule biyu.

Kafin mu wuce ya kamata a faɗi kalma biyu a kan masu huda, don su suka fi jawo jita-jita. An fara buga anini da kwabo a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci mai faɗin kimarsu. Aninin 1907 na sanholo ne, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure ba, a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Hudar kuwa ta sa a iya zura su a zare, kamar yadda wasu ƙasashe ke yi da wuri.

3. Taro, rubu'in sule

Taron Hukumar Kuɗi ya fara fitowa a 1913, da hoton Sarki Joji na Biyar sanye da kambi a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma lamba 3 a cikin zoben ganye. Nauyinsa giram 1.41 ne, kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, mai saurin ɓacewa in ba a ƙulle shi a lalita ko bakin zane ba.

Wannan taro na azurfa shekara bakwai kaɗai ya yi. Dalili kuwa shi ne, ana buga kuɗin azurfa na Ingila a kan lissafin kwabo 66 kowace oza. Muddin azurfa ba ta kai wannan kuɗi a kasuwa ba, gwamnati ce ke da riba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko sai azurfa ta hau, a watan Fabrairu na 1920 oza ta kai wajen kwabo 89 a Landan. Ke nan ƙarfen da ke jikin taro ya fi taro tsada. Kowa ya samu sai ya ɓoye, ko ya kai wa maƙeran fari su narke su yi zobe da munduwa, a bar kasuwa da takardun kuɗi waɗanda mutane ba su so. Masana tattalin arziki suna kiran wannan hali dokar Gireshem, watau in kuɗi biyu suna da kima ɗaya a doka amma ɗaya ya fi ɗaya kyau, mai kyaun zai shige ɗaka, marar kyaun ya rage a hannu. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka bar ta ɗungum, aka koma tagulla mai gaurayen kuza.

Taro na uku ya fito a 1938, zamanin Sarki Joji na Shida, fari ne na jan ƙarfe da nikel, wanda marar sani ya kan ɗauka azurfa ce. Na ƙarshe a wannan jeri an buga shi a 1957 da hoton Sarauniya Elizabet. A jikin da yawa daga cikinsu, in an duba da kyau, za a ga ɗan harafi. H alama ce ta gidan buga kuɗi na Heaton a Birmingham, KN kuwa ta King's Norton. Masu tara tsofaffin kuɗi suna kula da waɗannan haruffa ƙwarai, gama shekara ɗaya tana iya samun bugu biyu, ɗaya mai yawa ɗaya kaɗan.

Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, ya fito da kuɗin ƙasa. Taron 1959 ruwan tagulla ne, mai kusurwa 12, da hoton auduga a bayansa. Sisi ya ɗauki koko, sule ya ɗauki kwakwar manja, sule biyu kuwa gyaɗa. Ashe ke nan kayan noman Arewa biyu ne suka hau kuɗin 'yancin kai, rubu'in sule yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Wannan shi ne taron da dattawan Tarauni na yanzu suka kashe suna yara.

4. Kwabo 25, rubu'in naira

Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, kwabo 100 naira ɗaya, naira biyu a kan fam ɗaya. Bisa ga wannan lissafi sule ya zama kwabo 10, sisi ya zama kwabo 5, shi ya sa sunayen nan biyu suka ƙetara zuwa sabon zamani ba da wahala ba, har mutane suka riƙa kiran kwabo 50 sule biyar. Taro kuwa ya faɗo a kan kwabo biyu da rabi, babu ƙarfen da ya gaje shi. Nan ya mutu a kasuwa, ya rage a baki kaɗai.

Sabon rubu'i shi ne kwabo 25, wanda ya ke daidai da sule biyu da sisi na da, watau taro goma cif. Shi ne mafi girma a cikin kuɗin ƙarfe na 1973, fari, na jan ƙarfe da nikel. A fuskarsa akwai tambarin Nijeriya, a bayansa kuma gyaɗa da dalar buhuna irin wadda a ke jerawa a Kano. Wannan dala ta gyaɗa da dala ta sule biyu sunansu ɗaya a rubuce, asalinsu daban. Abin lura a nan shi ne lokacin da hoton ya fito. Farin 1972 zuwa 1974 ya riga ya kama, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta ci gonaki, man fetur ya janye hankalin hukuma. Kafin shekaru goma su cika dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, sai a jikin kwabo 25.

A 1991 aka ƙanƙanta shi, aka mai da shi baƙin ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, aka kuma fito da kwabo 50 da naira ɗaya na ƙarfe. Ran 28 ga Fabrairu 2007 Babban Banki ya janye dukan ƙananan kuɗi daga rabin kwabo har zuwa kwabo 25. Amma tun kafin sanarwar hauhawar farashi ta riga ta kore su daga kasuwa, kamar yadda yawa ya kori wuri.

5. Kwatar Amurka da ma'aunin daraja

Ƙasar da aka fi tara rubu'in kuɗi don sha'awa ita ce Amurka, kuma daga wurinsu za mu ari ma'auni. Kwatarsu tana da dangantaka da riyal ɗin da Barth ya gani a Kano, gama dalar Amurka an auna ta ne a kan riyal na Sifen, wanda ke rabuwa kashi takwas, kashi biyu daga ciki su ne kwata. An fara buga ta a 1796, guda 6,146 kaɗai. Mai hoton Washington ta fito a 1932. Har zuwa 1964 nauyinta giram 6.25 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa, a 1965 aka cire azurfar saboda dalilin nan da ya kashe taronmu a 1920.

Abu huɗu ne ke sa wa tsohon kuɗi daraja. Na farko ƙaranci. Kwatar 1932 da aka buga a Denba guda 436,800 ce, ta San Faransisko 408,000, alhali kuwa ta Filadelfiya ta haura miliyan biyar. Shekara ɗaya, hoto ɗaya, amma ɗan harafin D ko S ya kan ninka kuɗinta sau da yawa. Haka kuma kwatar 1916 mai hoton mace a tsaye, wadda aka buga 52,000 kaɗai. Na biyu lafiyar jiki. Dillalai suna auna ta da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda bai taɓa shiga hannu ba shi ke sama, wanda ya goge har rubutu ya shafe shi ke ƙasa. Na uku ƙarfen da ke jiki, wanda shi ne ƙasan farashi, ba a sauka ƙasa da shi. Na huɗu yawan masu nema, gama abu ko ya yi ƙaranci, in babu mai so ba shi da kasuwa.

Tsufa da suna ba su cikin huɗun nan, ga kuwa misalai uku. Daga 1999 zuwa 2008 Amurka ta buga kwata mai hoto dabam ga kowace jiha cikin jihohinta 50, mutane suka yi ta tarawa, amma tun da an buga fiye da biliyan 34, wadda ta shiga hannu ba ta wuce kwatarta ba. Na biyu, Sarki Edward na Takwas ya hau a 1936 ya sauka a cikin shekarar, ba a kashe kuɗi mai hotonsa a Ingila ba, amma anini da ɗari da kwabo na Afirka ta Yamma sun fito da sunansa. Labarin yana da daɗi, sai dai an buga miliyoyi, don haka suna da araha. Na uku shi ne riyal. Sarauniya Mariya Tariza ta rasu a 1780, tun daga nan duk wanda aka buga 1780 a ke sa masa, ko a Biyana, ko a Landan da Rum da Bambai a shekarun 1930 da 1940, har yanzu ma ana buga shi a Biyana. Saboda haka ganin 1780 ba ya nuna shekarunsa. Darajar mafi yawansu ita ce ta azurfarsu, giram 28 wanda kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce.

6. Abin da gwangwanin ya ƙunsa

Da muka gwada kayanmu da ma'aunin nan sai gaskiya ta fito fili. Kwatar Amurka ta bayan 1965 ce, ba azurfa a jikinta. Kwabo 25 da taron 1959 da masu huda duk sun sha hannu, kuma irinsu suna nan birjik a wurin masu sayar da kayan da a Kasuwar Kurmi. Abin da ke da kuɗi sosai shi ne riyal da 'yan taro na kafin 1920, waɗanda kowannensu ke ɗauke da azurfa wajen giram 1.3. Su ma an taɓa goge su da toka da lemun tsami, abin da ke zubar da darajarsu a idon mai tarawa, don haka sai a auna su da farashin maƙera. Na gaya wa ƙanen haka, bai ji daɗi ba, amma da ya ga lissafi a rubuce ya haƙura. Aka yi wa gwangwanin kima, malamin ya karɓe shi a cikin rabonsa, aka raba sauran gado.

Amma yayar tasu ma ba ta yi daidai ba da ta ce tarkace ne. Na gwada ɗalibaina na ajin farko, na tambaye su taro nawa ne a cikin sule, ba wanda ya amsa, alhali kuwa kowannensu ya kan ce yana neman taro da sisi, ko ya ce ba shi da ko anini. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939, sunanta ya dogara ne a kan kuɗin da a ke sayenta. Ɗalibin da bai san kwabo ba, bai san abin da sunan ke nufi ba, haka kuma zai yi ta tuntuɓe a cikin littattafan zamanin da takardun kotun alƙali da na Baitulmali, inda sadaki da tara da albashi duk da fam da sule aka rubuta su.

Don haka ina roƙon malamanmu na kwalejojin horon malamai abu uku. Kowace kwaleji ta haɗa jeri guda, daga wuri zuwa anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka, har kwabo 25, gama a yanzu ba zai ci kuɗi mai yawa ba, nan gaba kuwa 'yan gwangwan za su riga mu. Kada a goge su, kada a huda wanda ba shi da huda, a sa kowane a 'yar takardarsa da shekararsa da harafinsa. Sa'an nan a tura ɗalibai wurin dattawan unguwa, su rubuto abin da taro ke saye a zamaninsu, da sunayen da a ke kiran kowane kuɗi a garinsu, tun masu sanin suna raye. Wanda ya sami wani abu da ya ke zaton ba a saba gani ba, ya kai shi Gidan Makama a duba kafin ya saurari mai saye.

Abokina ya riga ya fara. Gwangwanin yana makarantarsu a Tarauni, ya kan fito da shi in ya zo darasin rubu'i a lissafi. Allah ya jiƙan mai shi, ya sa mu amfana.